Tambayi Likita: Wabi ne, ko jaririn ne ya zo babu garkuwa?

Wasiƙu uku na ɗauko a wannan fitowar. Ta wata baiwar Allah daga Rigasa ita ce ta iso a ƙarshe, amma na sa ta gaba, domin cikin wata bakwai ba ya bin layi. Sunaye kuwa, kamar kullum, na cire su.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 27, haihuwata uku. Ta fari mace ce, shekararta shida, lafiyarta ƙalau. Biyun da suka biyo ta maza ne, duk sun koma, ɗaya yana wata biyar, ɗaya wata takwas. Ciwonsu iri ɗaya: baki ya yi fari kamar an shafa kindirmo, zawo ba ya tsayawa, ga tari, ga rama. Na biyun, inda aka yi masa lamba a damtse ya kumbura ya fashe, har ya rasu bai warke ba. An gwada ni da maigidana ƙanjamau sau uku, babu. Shi AA ne, ni AS. Ɗan wan babana ne. Yanzu ina da ciki wata bakwai, hoto ya nuna namiji. Surukata ta ce wabi ne, a danginmu ma an taɓa yi. Ko barci ba na iyawa. Daga wata uwa, Rigasa.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah ya sa masu ceto ne, ya sauke ki lafiya, ya raya mana wannan.

Kada ki riƙi surukarki a zuciya. Wabi suna ne da kakanninmu suka ba abin da suka gani da idonsu: mace ta haifa ta binne, ta sake haifa ta binne. Shi ya sa ake kiran wanda ya biyo baya Ajuji ko Ayashe, a nuna kamar ba a damu da shi ba, ko mutuwa ta kau da kai. Sun ga abin daidai, dalilinsa ne ya ɓuya musu. Da likitoci suka buɗe tukunyar nan ta wabi, abubuwa da yawa suka tarar a ciki: sikila, zazzaɓin cizon sauro, tamowa, ƙyanda, shawarar jarirai da ke zuwa idan jinin uwa da na ɗa ba su jitu ba, da ƙanjamau da ɗa kan ɗauka daga uwa. Can ƙasan tukunyar akwai wani da ba a cika lalubo shi ba, shi ne kuma fannina: yaron da ya zo duniya da naƙasa a garkuwar jikinsa.

Ba a gane cuta ta wasiƙa, sai an ga mutum. Amma da a gabana kika zauna kika faɗi wannan labari, da na ajiye biro na gyara zama. Yara biyu, ciwo iri ɗaya, duk kafin shekara, babu ƙanjamau, ga lamba da ta ƙi warkewa. Ruwa ba ya tsami banza.

Fararen ƙwayoyin jini su ne mutane ke kira sojojin jiki, a ɓargo ake ƙera su. Cikinsu akwai wani rukuni da muke kira limfosait. Masu laƙabin B su ke haɗa sinadarin antibodi, mai kama ƙwayar cuta. Masu laƙabin T kuwa sai sun bi ta wani ɗan nama da ke bayan ƙashin ƙirji, taimos, sun koyi bambanta ɗan gida da baƙo, kuma su ne ke ba sauran umarni. Idan jariri ya zo babu T, ko B suna nan ba su san abin yi ba. Wannan ce cutar da ake taƙaita sunanta da SCID. Jaririn yakan fito ɓulɓul, a sha suna lafiya, domin yana tafe da guzurin antibodi da uwarsa ta ba shi ta mabiyiya. Guzurin yana raguwa a hankali cikin wata shidan farko, yana raguwa ciwo yana ƙaruwa. Ita kuma lamba, wato BCG, ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana, 'yar uwar ta tarin fuka. Lafiyayyen jariri yakan yi ɗan ƙurji a wurin, ya fashe, ya bushe cikin makonni, ya bar tabo. Wannan daidai ne, kada wata uwa ta tsorata. Wanda ba shi da T ne ba ya iya murƙushe ta, har takan bazu a jikinsa.

Ki gaya wa duk mai yi muku kallon ƙasa-ƙasa cewa wannan ba ƙanjamau ba ce. Ƙanjamau ɓarawo ne da ya shigo daga waje ya kashe masu gadi. Wannan kuwa tun farko aka gina gidan babu mai gadi. Ba a ɗaukarta a kwano ko a shimfiɗa. Gado ce.

Gadon yana zuwa ta hanya biyu. Akwai wanda sai uba da uwa duk suna ɗauke da shi a ɓoye, tamkar yadda kika sani game da AS da AS: kowane ciki, mace ko namiji, akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Auren zumunci yana ƙara damar irin wannan haɗuwa, tunda kakanku ɗaya. Ban ce a daina auren zumunci ba, ni kaina iyayena 'ya'yan wa da ƙani ne, sai dai dangin da aka taɓa yin wabi a cikinsu ya kamata su buɗe ido. Hanya ta biyu ta wajen uwa take bi, maza kawai take kamawa, kowane ɗa namiji rabi da rabi, 'ya'ya mata kuma su tashi lafiya. Saboda haka ki zauna da mahaifiyarki ki tambaye ta: cikin 'yan uwanki maza, da kawunnanki, akwai waɗanda suka rasu suna goye? Na daɗe ina juya wannan sakin layin kafin in rubuta shi, domin na san gidajen da za a mayar da shi sandar dukan mace. Maigida, idan kana karantawa: babu wanda ya zaɓi abin da ya gada, kuma tunda jininku ɗaya, abin yana iya kasancewa daga ku biyun ne.

To, ba a fafe gora ranar tafiya. Cikin makon nan ki mayar da awonki babban asibiti, Barau Dikko a nan cikin gari ko asibitin koyarwa na Shika, ki tafi da duk takardun yaran da suka rasu, har da katin rigakafi da sakamakon jini, ko sun yage. Ki nemi a haɗa ki da likitan yara tun kafin haihuwa, a rubuta labarin a katinki. Ki haihu a asibiti. Ki roƙi kada a yi wa jaririn lamba, kada a ɗiga masa na shan inna a baki, sai likitan yara ya gan shi an ƙirga masa jini. Gwajin farko ba wani mai tsada ba ne, shi ne ƙirgan ƙwayoyin jini da ake yi kullum. Abin da ake so shi ne a fitar da adadin limfosait a gwada shi da ma'aunin jarirai. Idan ya gaza kimanin 2,500, sai a wuce zuwa ƙirga T ɗin kansu. Allurar ciwon hanta da ake yi ranar haihuwa ba mai rai ba ce, ita babu damuwa. Idan sakamako ya fito lafiya, a yi masa rigakafinsa duka, kada a bar ko ɗaya.

Kafin sakamakon ya fito, a yi haƙuri da 'yan barka. Mai mura ko tari ya yi addu'a daga bakin ƙofa, mai ɗaukar jariri ya wanke hannu da sabulu, ranar suna kuma kada a yi ta yawo da shi hannu-hannu. Za a ce kin cika iyayi. Ki bar su su ce.

Idan kuma ta tabbata, ba zan ɓoye miki ba, hanya ce mai tsawo. Za a hana shi duk rigakafi mai rai, a ɗora shi kan magani irin su Septrin don tare ciwon huhu, a riƙa ƙara masa antibodi ta jijiya, a kuma yi taka-tsantsan da ƙarin jini, musamman jinin dangi. Maganin gaske shi ne dashen ɓargo. An fara yin nasararsa kan wannan cuta a Amurka a 1968, a hannun Dakta Robert Good. Kafin abin ya kankama, an yi wani yaro a Texas, David Vetter, wanda aka haifa a 1971 ya rayu shekara 12 cikin tantin roba da ba ya barin ƙwayar cuta ta shiga, har ya rasu a 1984. Yau idan aka yi dashen kafin jariri ya wuce wata uku da rabi, fiye da 90 cikin 100 suna rayuwa. Shi ya sa nake ta gaggauta ki. A Najeriya an fara dashen ɓargo a asibitin koyarwa na Benin a 2011, amma don masu sikila. Iyalan da na raka kan irin wannan larura waje suka fita, da gudummawar dangi da ta masallaci. 'Yarki mai shekara shida ma tana iya zama rahama, domin akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ɓargonta ya dace da nasa.

Sauran iyaye kuma, kada wani ya yanki maganata ya ce likita ta hana rigakafi. Irin wannan yaro ɗaya ne cikin dubbai. A Amurka, inda ake gwada kowane jariri, ana samun kamar ɗaya cikin 58,000. Rigakafin 'ya'yanku ma shi ne katangar da ke kare shi.

TAMBAYA: Likita, ina aji huɗu a karatun likita a nan Kaduna. Darasin garkuwar jiki ya fi kowanne shiga raina, amma na gaba da mu suna cewa fannin 'yan lab ne, babu marasa lafiya babu kuɗi, gara tiyata ko ɓangaren mata, ko in gama in tsallake. Ke yaya aka yi kika shiga? Da za a mayar da ke baya, za ki sake? Daga wani ɗalibi, Unguwar Rimi.

AMSA: Ɗana, ka sake karanta wasiƙar da ke sama, sannan ka je ka gaya wa na gaba da ku cewa babu marasa lafiya.

Ni ba sha'awa ce ta kawo ni ba, kuskure ne. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan, ina ƙaramar likita a wani asibiti da ba zan faɗi sunansa ba, aka kawo mini yaro ɗan wata shida, kwanciyarsa ta uku da ciwon huhu. Mahaifinsa tela ne. Na canza magani ya fi sau huɗu, na sa an gwada uwar ƙanjamau sau biyu har ta daina haɗa ido da ni, daga ƙarshe na ɗora shi kan maganin tarin fuka don na rasa abin yi. Uban ya sayar da keken ɗinkinsa. Yaron ya rasu wani daren hunturu ina bakin aiki. Bayan watanni ina karatun jarrabawa, sai na ci karo da layi ɗaya: adadin limfosait na jariri ya ninka na babba. Washegari na shiga ɗakin ajiyar fayil, na sha ƙura har na tono nasa. Fararen ƙwayoyi 8,000, limfosait kashi 15 cikin 100. Ka buga lissafin: 1,200. Ga babba ba laifi, kuma ma'aunin manya ne aka buga a gefen takardar. Ga ɗan wata shida, 4,000 zuwa sama ya kamata a gani. Sau uku na sa hannu a kan irin wannan sakamako. Ba na ruɗin kaina cewa da na gane da na cece shi, a wancan lokacin ba mu da abin ceton. Amma da uban bai rabu da kekensa ba, da uwar ba ta sha zargi ba, da kuma sun san abin da za su yi kafin ciki na gaba. Har yau duk ɗalibin da ya biyo ni zagayen gadaje sai ya yi mini wannan lissafin da ka.

Kada kuma ka ɗauka fannin baƙo ne a ƙasar Hausa. Tun asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana Tudun Wadan Zariya, ba a koma Shika ba, wani likita ɗan Ingila, Brian Greenwood, ya zauna a can daga 1970 zuwa 1980 yana bincike kan sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. A 1972 shi da abokan aikinsa suka nuna cewa yaron da ke cikin zazzaɓin cizon sauro jikinsa ba ya amsa wasu alluran rigakafi yadda ya kamata. Jinin yaran Zazzau yana cikin abin da ya koya wa duniya wannan. Abokin aikinsa Hilton Whittle ya yi nasa a can Zariya kan ƙyanda. Farfesa Idris Mohammed, mutumin Gombe, a wannan fanni ya taso kafin ya koma Maiduguri, kuma shi ya jagoranci kwamitin yaƙi da annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 ta kashe fiye da 11,000. Duk wanda ya ga wannan bazarar, ya kuma ga yadda sanƙarau nau'in A ya ja baya bayan shigowar allurar MenAfriVac a 2011, ba zai tambayi amfanin ilimin garkuwa ba.

Hanyar kuwa ba gajera ba ce. Ka gama shekara shidanka, ka yi shekarar sanin makamar aiki, ka yi bautar ƙasa, ka ci jarrabawar shiga horon ƙwarewa ta kwalejin likitoci ta ƙasa da ke Legas ko ta Afirka ta Yamma. Daga nan shekara biyar ko shida a ɓangaren yara, ko na manya, ko na jini. Shawarata ka fara zama likitan gado sosai kafin ka shiga lab, domin na'ura ba ta san tambayar uwa ko an yi wabi a danginsu ba. Bayan haka sai digiri na biyu ko na uku a fannin garkuwa, da ɗan zama a wata cibiya da ke ganin irin waɗannan yara kullum. Akwai ƙungiyar likitocin Afirka masu wannan aiki, ASID, da aka kafa a Maroko a 2008. Ka bi sawunta tun yanzu.

Fannin yana gudu. A 1952 ne wani likitan sojan Amurka, Ogden Bruton, ya fara bayyana yaro ɗan shekara takwas da babu antibodi a jininsa, ya riƙa yi masa allurarsa duk wata, yaron ya daina kwanciya. Sai 1993 aka gano ƙwayar gadon da ke haddasa abin. Yanzu cututtukan garkuwa na gado da aka sani sun haura 450, duk shekara ana ƙari. Ina da irin yaron Bruton guda ɗaya da nake gani. Kafin a gano shi, kunnensa kullum cikin zubar da mugunya yake. Abin da ya fara ankarar da ni shi ne na leƙa maƙogwaronsa na tarar 'yan wuyan nan biyu kusan babu su. Duk mako huɗu ake ƙara masa antibodi, idan iyayen sun iya haɗa kuɗin, domin daga waje ake shigo da shi, daga ruwan jinin dubban masu ba da jini ake tace shi. Watan da aka samu, ƙwallo yake bugawa a layinsu har magariba. Watan da ba a samu ba, ni ma ba na barci sosai.

Sauran aikin ba shi da ƙyalli. Yawancin raunin garkuwa da za ka gani ba na gado ba ne: tamowa ce, ƙanjamau ce, sukari ne, mai sikila ne da saifarsa ta daina aiki tun yana ƙarami, mai kansa ne da ke karɓar magani. A lab kuma za ka koyi roƙo. Na taɓa tara samfurin jinin yara na wata goma sha ɗaya, aka ɗauke wuta a hutun sallah, janareto ya ƙi tashi, na dawo na tarar firiza ta narke. A gefen titi na tsayar da mota na yi kukana. Za ka kuma koyi dabara: na'urorin ƙirga CD4, wato wani rukuni na ƙwayoyin T, da suka bazu a asibitocinmu ta dalilin shirin PEPFAR, wanda Amurka ta ƙaddamar a 2003 don masu ƙanjamau, da su muka riƙa leƙa T ɗin jariran da muke zargi. A Amurka tun 2008 jihar Wisconsin ta fara gano SCID da ɗigon jinin dunduniyar jariri, zuwa 2018 duk jihohinsu suna yi. Mu ba mu fara shi a matsayin ƙa'ida ba. Ga aikin digiri na uku nan yana jiran wani.

Kuɗi? Abokan karatuna masu tiyata sun riga ni gina gida da shekara goma, wannan gaskiya ce. Albashin ƙwararre da na koyarwa ya riƙe ni ban nemi na kowa ba. Fita waje kuma ban hana ka ba, ni ma na fita na koyo. Abin da na lura shi ne a can kai ne na ɗari a layi, a nan kuwa wata rana kai kaɗai ne tsakanin uwa da kabari na uku. Da za a mayar da ni baya zan sake, sai dai zan fara koyon lissafin ƙididdiga da rubuta neman tallafin bincike da wuri, waɗanda sai da na yi furfura na koya.

TAMBAYA: Hajiya Likita, ina yawan mura da kasala. Wani mai talla a motar Kawo ya sayar mini da maganin ƙara garkuwar jiki, kwalba naira dubu goma sha biyar. In ci gaba da sha? Daga wani magidanci, Hayin Banki.

AMSA: Malam, ka tsaya tukuna. Garkuwar jiki ba tankin mota ba ce da ake cika ta da kwalba. Abin da ya fi damuna shi ne ba ka san abin da ke ciki ba. Ƙwayoyin nan da mata ke kira sha-ka-fashe, galibi da dezametason a ciki, suna buɗe ciki su kumbura fuska, mutum ya ga kamar ya murmure, alhali aikinsu na asali danne garkuwa ne; mu da kanmu da irinsu muke kwantar da ita idan ta yi wa jiki tawaye. Duk haɗin da ya sa ka jin garau cikin kwana biyu, ka yi zarginsa.

Mura sau biyu ko uku a shekara, musamman da ƙurar hunturu, ba alamar raunin garkuwa ba ce. Kasalar ce nake so a duba. Ka je a gwada maka sukari, yawan jini da ƙanjamau, wanda gwajinsa da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Idan akwai tari da ya wuce mako biyu, a duba majina. Dubu goma sha biyar ɗin wata mai zuwa kuma ka kai ta Kasuwar Barci, ka sayo wake, ƙwai, gyaɗa, busasshen kifi da zogale, a ci da yara. Idan kana da ƙanana, ka duba katinsu ko an yi musu allurar ƙyanda ta wata tara da ta wata goma sha biyar. Wani bincike na 2019 kan yaran Holan da ba a yi wa rigakafi ba ya nuna ƙyanda tana goge kashi 11 zuwa 73 cikin 100 na nau'o'in antibodin da yaro ya riga ya tara, shi ya sa za ka ga ya warke daga ita amma ya yi ta ciwo wata da watanni. Kwalbar kuma kada ka zubar, ka tafi da ita ka nuna wa likitan da zai duba ka.